Kukan amarya a dandamalin Faris, 1923

Rubutun yau dogo ne, wanda datarsa ke gargara ya adana shi sai ya je laburare. Kuma tun kafin wani ya riga ni a kwament: e, a kan rawar Turawa ne, kuma a’a, ban sauya kwas ba, har yanzu tarihi nake karantawa.

Abokiyar ɗakina Bayarabiya ce, a sashen nazarin kiɗa take nata mastas ɗin. Mun fi shekara tare amma ban taɓa leƙa abin da take kallo ba, tana sa abin kunnenta ina sa nawa. Ranar Talatar da ta wuce da daddare aka ɗauke wuta, abin kunnen nata ya mutu, sai ta saki sautin a laftof. Ina kwance ina fama da babi na biyu da sufabaiza ya dawo min da shi karo na huɗu, kawai na ji muryar mace ta tsaga ɗakin, can sama, kamar wadda aka yi wa rasuwa yanzu-yanzu. Na ce mata, wa ya mutu? Ta yi dariya ta ce ai biki ake.

Na tashi na zauna a bakin katifarta. ’Yan mata ne sanye da doguwar riga ruwan ƙasa a kan farar riga mai dogon hannu, kowacce da ɗankwali. Amarya na tsakiya, an ja mata kitso dogaye kamar igiyar guga, ƙawaye na riƙe da su. Ba mai murmushi ko ɗaya. Can sai suka jera kawunansu, wannan a kan wannan kamar jeren ƙwarya, amarya ta jingina a saman. Duka-duka minti ashirin da ’yan kai ne. Da ya ƙare na ce ta mayar. Wata biyu kenan da muka kai ƙanwata ɗakinta, kuma abin da na gani a fuskar Baturiyar nan na san shi.

Sunan wasan Les Noces, wato bikin aure da Faransanci. Da Rashanci Svadebka, ɗan ƙaramin biki. Kwana huɗu na yi ina bin tarihinsa maimakon gyaran babi na biyu, don haka dole ku ma ku ji.

Rawar bale, wadda muka sani da ’yan mata masu tsayawa a kan tsinin yatsun ƙafa, a gidan biki aka yanke mata cibiya. A ranar 15 ga Oktoba 1581 aka yi wani ƙasaitaccen wasa a fadar Faransa don auren ’yar uwar matar sarki Henri na 3, Ballet Comique de la Reine, wanda masana da yawa ke ɗauka a matsayin na farko. Wani ɗan Italiya ne ya tsara shi, an kai awa biyar ana yi, kuma a cikinsa akwai rawa, akwai waƙa da baki, akwai baitoci da ake karantawa. Masu rawar ma ’yan sarauta ne, ba ’yan haya ba. Louis na 14 yana ɗan shekara 14 ya fito a wasan 1653 a matsayin rana mai hudowa, kuma shi ne a 1661 ya kafa makarantar rawa ta sarauta a Faris. Makaɗin fadarsa Lully da doguwar sanda yake buga ƙasa don makaɗa su riƙe ƙa’ida. Wata rana ya doki ƙafarsa da ita, ciwon ya ruɓe, ya ƙi yarda a yanke, shi ne ajalinsa a 1687. Allah Ya kyauta.

Daga baya sai aka raba gari. Waƙa da baki ta tafi wajen wasan ofera, rawa ta zauna da kiɗa zalla. Wani mai tsara rawa Noverre ya rubuta littafi a 1760 yana cewa jiki kaɗai ya isa ya ba da labari. Shi ya sa manyan wasannin da suka yi suna a ƙarni na 19, Giselle a 1841, Swan Lake a 1877, ba za ka ji muryar ɗan Adam a cikinsu ba. Makaɗa masu yawa ne a wani rami gaban dandamali, da gogensu da sarewarsu da ƙahonninsu da tambura, madugunsu na tsaye da ’yar sanda, ido ɗaya a kan takarda ɗaya a kan ƙafar mai rawa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu a filin dambe ya san wannan aikin: in ɗan wasa ya ja, ka ja, in ya zabura, ka zabura da shi. Faifai ba ya iya wannan. Tchaikovsky ya ɗan saka muryoyin yara a Nutcracker a 1892, wajen rawar ƙanƙara, amma ba kalma suke furtawa ba, “aa” kawai suke ja.

Mutumin da ya dawo da murya da ƙarfinta wani ɗan Rasha ne, Sergei Diaghilev. Ba ya rawa, ba ya tsara rawa, ba shi ke rubuta kiɗan ba. Aikinsa nemo masu baiwa da nemo masu kuɗi, ya haɗa su, ya ci bashi, ya yi faɗa da kowa. A 1909 ya kawo ’yan rawar Rasha Faris, kuma cikin abin da ya fi rikita mutanen garin akwai raye-rayen da aka ciro daga oferar Prince Igor ta Borodin, da ayarin mawaƙa cikakke. A 1912 Ravel ya rubuta masa Daphnis et Chloé, shi ma da ayarin mawaƙa marasa kalma. To ciyar da mawaƙa kuɗi ne. Da aka kai wasan Landan a 1914 Diaghilev ya ce a yi ba su. Ravel ya fusata har ya rubuta wa jaridun Ingila wasiƙar ƙorafi. Tun wancan lokacin rigimar nan ba ta mutu ba, duk kamfanin rawa da aljihunsa ya yi sanyi, makaɗa da mawaƙa yake fara kallo.

Cikin yaran da Diaghilev ya tsinto akwai Igor Stravinsky. Shi ya rubuta The Rite of Spring da aka fara nunawa ranar 29 ga Mayu 1913, daren da ’yan kallo suka yi ta ihu da zage-zage har masu rawa ba sa jin makaɗa kusan ɗari da ke gabansu, sai da mai tsara rawar, Vaslav Nijinsky, ya hau kujera a gefen labule yana ƙwala musu ƙirge. Wannan labarin duk littafin tarihin kiɗa yana da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, matar da aka tsara wa babbar rawar wasan ƙanwar Nijinsky ce, Bronislava, a jikinta aka gwada motsin, sai ciki ya hana ta fitowa aka ba wata. Ku riƙe sunanta.

A watan Yuli 1914 Stravinsky ya je gida na ɗan lokaci. A birnin Kiyef ya samo kundin waƙoƙin gargajiya da wani Kireyevsky ya tattara daga bakin talakawan karkara, cike da waƙoƙin biki. Ya koma Suwizalan inda iyalinsa suke, bayan ’yan makonni Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. A 1917 aka yi juyin juya hali, gidansa da dukiyarsa na can suka tafi. Bai sake taka ƙasar Rasha ba sai 1962, bayan shekara 48. Wato dai a ƙasar mutane, da littafi ɗaya a hannu, ya zauna yana ɗinka bikin ƙauyen da shi kansa ɗan birni ne, ɗan mawaƙin ofera, bai tashi a cikinsa ba. Mu da ke zaune a Kudu mun san wannan ciwon. Ka bar gida wata shida, sai ka ji har ƙurar hunturu kana kewa, abin da in kana can tsaki kake masa. Shi ya ba da labari daga baya cewa da ya kaɗa wa Diaghilev ɓangaren farko a fiyano a 1915, Diaghilev kuka ya yi.

Waƙar da ƙashin kiɗan ya gama su a 1917. Abin da ya gagara shi ne da wane kayan kiɗa za a yi. Da farko ya yi tunanin makaɗa wajen 150. Ya watsar. Ya rubuta na ƙaramar ƙungiya, ya watsar. A 1919 ya gwada wani haɗi na ban mamaki: fiyano mai kaɗa kansa da naɗin takarda mai huji-huji, da hamoniyam irin wanda kuke gani a tsofaffin fina-finan Indiya, da wani abin kiɗan Hangari guda biyu mai tsirkiya da yawa da ake duka da ’yan sanduna, da ganguna. Ya kai rabi ya ga inji ba ya jiran mutum, mutum ba ya iya bin inji daidai, masu kaɗa na Hangarin kuma ba a samun su ko’ina. Ya sake watsarwa. Sai a Afrilu 1923 ya kammala wanda ake yi yau: fiyano huɗu, ganguna da tambura da ƙararrawa da sauran abin duka, mawaƙa huɗu na gaba, mata biyu maza biyu, da ayarin mawaƙa a bayansu. Ba goge ko ɗaya, ba sarewa ko ɗaya. Fiyanon ma dukansu ake kamar ganga. Da na karanta wannan na kalli babina na biyu na ɗan ji sanyi, na ce ashe karo huɗu ba komai ba ne.

Tsarin waƙar ma daban yake. Babu mawaƙiyar da aka ce ke ce amarya daga farko har ƙarshe. Maganar ango wani lokaci wannan namijin ne ke rera ta, wani lokaci wancan. Zantuka na hawa kan juna, guntun addu’a, guntun zolaya, kiran sunan waliyyan cocinsu, maganar wanda ya sha ya bugu. Kamar ka tsaya a tsakar gida ranar wuni ka rufe ido, abin da kunnenka zai kwaso kenan. Kuma daga buɗe labule har dab da rufewa muryoyin nan kusan ba sa hutawa.

Yanzu Bronislava Nijinska. An haife ta a 1891, iyayenta duka ’yan rawa ne masu yawo gari-gari, uban ya tafi ya bar uwar da yara uku. Da yayanta ya yi aure a 1913 ba da sanin Diaghilev ba aka kore shi, ita ma ta ajiye aikin ta bi ɗan uwanta. Yaƙi ya ritsa da ita a Rasha. Ta zauna a Kiyef a shekarun da garin ya sauya hannu fiye da sau goma tsakanin rundunoni, ta buɗe makarantar rawa a 1919 cikin yunwa da sanyi. A shekarar ce kuma ciwon taɓin hankali ya kama yayan nata, bai sake rawa a dandamali ba har ya mutu a 1950. A 1921 ta tsallake iyakar Folan a ɓoye da tsohuwarta da ’ya’yanta biyu, ba tare da mijinta ba, ta je ta ga yayanta a asibiti a Biyana, sannan ta koma wajen Diaghilev don sai an ci abinci.

Da aka ba ta aikin Les Noces, mai zanen kayan wasan Natalia Goncharova ta riga ta zana riguna masu launi, ja da rawaya da ado, irin Rashar da mutanen Faris ke son saya. Nijinska ta ce ba za ta yi da su ba. Diaghilev ya share ta kusan shekara, sannan ya dawo ya sakar mata. Goncharova ta sake zane, aka koma ruwan ƙasa da fari, kowa iri ɗaya, kamar kayan aiki.

A nan ni nake ganin wasan ya samu ransa. Stravinsky daga nesa yake hango gida, abin shagali da kewa yake ji. Ita kuwa jiya-jiya ta fito daga can, kuma mace ce da ta ga auren uwarta ta ga nata. A ƙauyukan Rasha na wancan zamanin iyaye da masu dalilin aure ke ƙulla magana. Budurwa kitso ɗaya take yi, jela guda a baya, ranar biki a tsefe shi a raba biyu a naɗe a rufe da ƙyalle, daga ranar ba ta sake fita da kai a buɗe. Za ta koma gidan iyayen miji, ƙarƙashin uwar miji, ta zama ƙarin hannu a gona. Kukan amarya wajibi ne a al’adarsu, har a wasu yankunan akan ɗauko gwanar kuka ta taya ta. Nijinska ta ɗauki takalmin nan na tsayawa a kan yatsu, wanda aka saba nuna mace da shi kamar aljana mai shawagi, ta sa ’yan matan suna caka shi a ƙasa, ƙafa na harɗe ƙafa, tsak tsak tsak, yadda yatsun mai kitso ke yi a kai. Maza kuma a dunƙule suke tsalle, hannu a dunƙule, kai a sunkuye. Ango da amarya su ne suka fi kowa rashin motsi a bikinsu. Shi ma angon ba a bar shi ba, ana taje masa suma, an tura shi gaban iyayensa neman albarka, fuskarsa kamar ɗalibin da aka kira difens bai shirya ba.

Kashi huɗu ne: gidan amarya, gidan ango, fitar amarya, sai walima. Ɗaurin auren kansa a coci ba a nuna shi. A walimar an ɗora ango da amarya da iyayensu a wani ɗan tudu can baya, suna zaune a benci, jama’a na ƙasa suna ta tsalle kamar ba don su aka taru ba. A cikin waƙar har akwai inda ake tura wasu ma’aurata su je su ɗumama wa sababbin gado, ku tuna ƙasar sanyi ce. Daga ƙarshe a shigar da su ɗaki a rufe ƙofa, murya ɗaya ta namiji ta rage, ita ma ta ɗauke, sai ƙararrawa da fiyano suna bugawa ɗaya-ɗaya, da tazara mai tsawo a tsakani. Ban iya rabe ko ta biki ce ko ta jana’iza ba.

An fara nuna shi ranar 13 ga Yuni 1923 a gidan wasa na Gaîté-Lyrique a Faris, Ernest Ansermet ne madugun makaɗa, Felia Doubrovska ce amarya. Faris ta karɓa. Da aka kai Landan a 1926 masu sharhin jaridu suka yi masa ca, sai marubucin nan H. G. Wells ya rubuta wasiƙa yana kare shi, Diaghilev kuwa, ɗan kasuwa, ya buga ta ya raba wa ’yan kallo. Diaghilev ya mutu a Benis a 1929 da bashi a wuyansa, kamfanin ya watse.

Kiɗa yana da takarda, ko bayan shekara ɗari a ɗauko a kaɗa. Rawa a jikin mutane take zaune, in ba a yi ta ba shekara ashirin, waɗanda suka sani suka tsufa, shi kenan. Yawancin abin da Nijinska ta tsara haka ya salwanta. Ta koma Amurka tana koyar da yara a Los Anjeles, duniya kuma in ta tuna da ita sai ta ce ƙanwar Nijinsky. Wannan wasan ma tsada gare shi: fiyano huɗu, masu duka wajen shida, mawaƙa gomomi da za su koyi Rashancin ƙauye, masu rawa sama da talatin, duk don abin da bai kai rabin awa ba. Abin da ya cece shi Frederick Ashton ne, shugaban Royal Ballet na Landan, wanda yana saurayi ya yi rawa a ƙarƙashinta a Faris. Ya gayyato ta, a 1966 tana da shekara 75 ta zo ta koya wa ’yan rawarsa da kanta. Daga wannan koyarwar ne aka samu wanda muka kalla a laftof. Ta rasu a 1972, shekara ɗaya bayan Stravinsky. Wasu sun tsara nasu rawar a kan kiɗan, Jerome Robbins a 1965, Jiří Kylián a 1982, Angelin Preljocaj a 1989 wanda ya sa ana jifa da ’yan tsana sanye da rigar amare. Na leƙa na ƙarshen, ya yi min ihu da yawa. Nata ba ta nuna maka mugu ko ɗaya, iyayen ma abin tausayi ne, shi ya sa ya fi zauna min.

Abokiyar ɗakina ta tambaye ni wai da gaske ne amarenmu na kuka haka, ko da tana son mijin? Na ce mata ƙanwata ita ta kawo nata da kanta, shekara uku suna tare, amma ranar da aka zo ɗaukarta sai da aka ɓamɓare hannunta daga ƙofar ɗakin Umma. Ta ce to na al’ada ne ko na gaske? Na ce ki tambayi Nijinska.

Amma wurin da ya kama ni ba na amaryar ba ne. A ƙarshen kashi na uku, bayan an fita da ita, kowa ya bi, sai ya rage kukan uwar amarya da uwar ango. Duk hayaniyar nan ta lafa, muryoyi biyu na mata suna kiran ’ya’yansu su dawo. Minti ɗaya ne ko biyu.

Daren kai ƙanwata mun riga mun shiga mota aka tuna an bar kaskon turaren wuta, aka ce in koma in ɗauko. Gidan da tun safe ba wajen sa ƙafa na tarar da shi shiru, kujerun haya a kife, shinkafa a zube a tsakar gida. Umma na zaune a bakin gadon yarinyar tana ninke wani tsohon hijabinta na islamiyya da ya fi shekara biyar da yi mata kaɗan. Ba kuka take ba. Ta ɗago ta ce, me kuka manta? Na ɗauki kaskon na fita da gudu don ana min hon. Gaskiya ban sake tuna wannan ba sai ranar Talatar nan.

Lokacin da batirin laftof ɗin ya mutu ƙarfe ɗaya saura, na san ta yi barci. Da asuba na kira, bugu ɗaya ta ɗauka, ta ce lafiya dai ko? Na ce lafiya lau Umma, ina kwana. Ta ce, kin ci abinci kuwa jiya?